Yadda Aka Farfaɗo da Tagwayen Lasifikar Advent Masu Kusan Shekara Hamsin

Lasifikokin guda biyu ne iri ɗaya, ƙirar kamfanin Advent na Amurka, irin waɗanda suka fara shiga kasuwa a 1969. Mai su dattijo ne, tsohon malamin makaranta a nan Kano, yana cikin ɗaliban da suka je karatu Amurka a shekarun 1970. Can ya saye su, ya haɗo su da littattafansa da zai dawo gida. Sun ci zamaninsu a falo, da sautinsu ya fara karkarwa sai aka kwashe su aka kai sito, suka daɗe a can har ƙananan gidan ba su san ana kunna su ba. Ɗansa ne ya kawo mini su, kuma ya zo da shawararsa a hannu: a cire tsofaffin sifikun ciki, a sayo sababbi a Sabon Gari a ɗaura, a fesa wa akwatunan baƙin fenti.

Kowane akwati tsayinsa wajen santimita 65 ne, faɗinsa 36, nauyinsa kusan kilo 20. A gaba akwai ragar yadi da ake ɓamɓarewa da hannu. A bayan ragar sifika biyu ce: babba, wadda masu gyara ke kira wufa, mai fitar da sauti mai kauri, sai ƙarama a samanta, tiwita, mai fitar da siririn sauti. A akwatin farko, zoben soson da ke haɗa bakin mazurarin takarda da jikin sifikar ya gama cinyewa. Ɗan abin da ya rage in ka taɓa sai ya murƙushe ya manne maka a yatsa. A na biyu kuwa wani ya riga mu, ya yanko robar tiyub ya liƙa da gam ɗin masu takalmi. Saman akwati ɗaya akwai baƙin zobe na gindin gwangwani. Kusurwar ƙasa ta ɗayan ta sha ruwa ta kumbura, fatar katakon ta ɗaga. Zanzaro ya yi gini a lungun raga, yadin kuma ya rine da ƙura.

Ban jona su da komai ba a lokacin, kuma ina roƙon duk wanda ya tsinci irin wannan kaya kada ya jona. Ba don wuta ba: irin wannan lasifika ba a sa ta a soket, daga amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, take samun ƙarfinta, saboda haka bambancin lantarkin Amurka da namu bai shafe ta ba. Dalilin shi ne koyil. A gindin mazurarin akwai siririyar waya da aka naɗe a jikin bututu, tana kai da komo a cikin wani tsagi na maganaɗisu, kuma tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe ba ta kai milimita ɗaya ba. Zoben soso yana cikin abin da ke riƙe ta a tsakiya. In babu shi aka saki kiɗa, koyil ya karkace ya gogi ƙarfe, rufin wayar ya kankare, aikin da soso kaɗai zai gyara ya koma na naɗa sabon koyil. Abin da na yi shi ne na kwance sifikun huɗu na sa musu mitar auna lantarki. Duka sun nuna wayarsu ba ta tsinke ba. Wufa mai ohm 8 takan nuna ƙasa da 8 a mita, wannan ba matsala ba ce. Abin da na fi dubawa shi ne ko biyun sun zo kusa da juna, kuma sun zo. Na taɓa kowace wufa da batirin tocila na volt 1.5, mazurarin ya motsa gaba ba tare da ƙarar guga ba. Daga nan na san aikin zai yiwu.

Kafin a taɓa gam ko samfefa, sai an fahimci abin da maƙerin ya nufa, domin duk shawarar da aka yanke daga baya a kansa ta rataya. Har farkon shekarun 1950, wanda yake son sauti mai kauri sai ya tanadi ƙaton akwati. Wani Ba'amurke, Edgar Villchur, ya zo da wata dabara: a sassauta abin da ke riƙe mazurarin ya yi laushi ƙwarai, a rufe akwatin ruf, sai iskar da aka kulle a ciki ta zama ita ce ke mayar da mazurarin mazauninsa. Duk wanda ya taɓa toshe bakin famfon keke da babban yatsa ya danna, ya ji iska tana turo hannunsa baya, ya san yadda abin yake. A 1954 Villchur ya kafa kamfanin Acoustic Research tare da wani matashi ɗalibinsa, Henry Kloss. Kloss ya fita ya kafa kamfanin KLH da abokansa a 1957, sannan ya kafa Advent a 1967 a garin Cambridge na jihar Massachusetts. Burinsa a lokacin talabijin ce mai haska hoto a babban allo, lasifikar kuma ya fito da ita ne don ta kawo kuɗin wannan aikin. Ta zo da sifika biyu kacal, amma aka riƙa gwada ta da AR-3a ta kamfanin Acoustic Research mai sifika uku, alhali kuɗinta wajen rabin na waccan ne. Shi ya sa ɗalibai irin wannan dattijon suka iya sayenta.

Ma'anar wannan ga mai gyara a fili take. Wufar da akwatin abu ɗaya ne: nauyin mazurarin, laushin sosonsa, ƙarfin maganaɗisun da yawan iskar da ke ciki, duk an auna su da juna. Yawancin wufar da ke kasuwa yanzu an yi su ne don akwati mai rami, ko don mota, ko don taron biki. Bakinsu da tauri, an yi su don ƙara. In ka ɗaura irinsu a wannan akwati za ka sami ƙara, amma kaurin da ke sauka har wajen kaɗawa 40 da 'yan kai a daƙiƙa ya tafi, kuma ba za su jitu da tiwitar ba. Haka wanda zai huda rami a gaba wai don bes, wato sauti mai kauri, ya fito: ya saki iskar da ita ce rabin injin, gyaran gangar auzinawa ke nan. Na yi wa ɗan wannan bayani, ya ce, “Malam, ni dai ba na son a kashe kuɗi a kan tsohon kwali.” Na ce mu je wurin mai kayan. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, ƙara kuke so su yi, ko so kuke su koma yadda kuka san su?” Ya ce, “Ɗana, in ƙara nake nema ai ba sai na sa an fito da su ba.” Magana ta ƙare a nan.

Zoben soso shi ne aikin da ya fi cin hankali. Irin wannan soso ba ya daɗewa kamar takarda ko ƙarfe. Laima da zafi da hasken rana suna cin sa a hankali, tsakanin shekara 10 zuwa 20 yakan ruɓe ko da ba a kunna sifikar. Ba laifin mai kaya ba ne, ba kuma alamar sifikar ta mutu ba ce. Wufar Advent ta farkon zamani tana da wata siffa da ke ruɗar mai saye: mazurarinta na inci 10 ne, amma firam ɗin ƙarfen na inci 12 ne, sai aka cike tsakanin da zoben hadbod. Wanda ya auna firam ya sayo soson inci 12 ya yi asara, wanda ya sayo na inci 10 na gama-gari ma zai iya samun mai tauri. Sai da aka yi odar wanda aka yanka don wannan wufar daga waje, kuɗin aikowa ya fi kuɗin soson. Kafin in kankare komai na ɗauki hoton ragowar tsohon, domin shi ke faɗa maka yadda aka liƙa na asali: a nan bakinsa na waje a ƙarƙashin zoben hadbod yake, ƙullutunsa kuma ciki yake kallo, ba waje ba kamar yadda aka saba gani.

Wufar farko ba ta ba da wahala ba. Na murje ragowar soson da yatsa, na bi bakin takardar da reza a kwance, na goge danƙon da auduga da ɗan sifirit, kaɗan-kaɗan don kada takardar ta jiƙe. Ta biyun ita ce ta sha hannu. Gam ɗin masu takalmi ya shiga jikin takarda, in ka ja robar sai ya taho da fatar mazurarin. Dole a bi shi taƙi-taƙi da bakin reza, ana ɗagawa ana yankewa. Duk da haka wanda ya liƙa robar ya bar tsaga biyu a baki, kowace ba ta fi tsawon farce ba. Na liƙe su ta baya da siririyar takarda da farin gam da aka sirka da ruwa. Ban yarda a lafta gam ba, saboda nauyi: in mazurari ɗaya ya fi ɗan'uwansa nauyi, tagwayen sun daina zama tagwaye.

Gam ɗin da ya dace shi ne fari mai ruwa-ruwa, wanda yake ba ka 'yan mintoci ka daidaita kafin ya kama, kuma in ya bushe ba ya ƙandarewa. Sufa gulu yana sandarar da soso ya karye, na masu takalmi kuma yana kamawa nan take, ba ya barin a gyara, ga shi yana iya cin soson. Ana fara liƙa bakin ciki a jikin takarda, a bi shi da yatsa zagaye bayan zagaye har ya kwanta, a bar shi ya bushe. Bakin waje shi ne mai haɗari, domin a lokacin ne koyil yake tsayawa a tsakiya ko ya karkace har abada. Hanya biyu ce, kuma kowace wufa na bi da ita ta hanyarta daban. Ta farkon, da yake tsaginta da tsabta, ban yanke 'yar hular tsakiya da ke rufe bakin koyil ba. Na sa mata sauti mai kauri na kaɗawa 30 a daƙiƙa daga waya ta cikin amfilifaya, ƙasa-ƙasa, yadda mazurarin zai riƙa rawa a hankali, ina danna bakin soson ina saurare. In ka ji “kar-kar” koyil na guga, sai ka ɗan ja soson ta ɗaya gefen har ƙarar ta ɗauke. Ta biyun kuwa da na danna ta da hannu na ji ɗan yashi-yashi, don haka na yanke hular da reza, na bar ɗan wuri ban yanke ba yadda za ta buɗe ta koma. Garin soso da ƙura ne suka shiga tsagin. Na zaƙulo su da salatif da na naɗe a kati, gefen danƙon a waje. Sannan na yanka siraran falle daga tsohon fim na hoton asibiti, na zura su zagaye tsakanin bututun koyil da ƙarfen tsakiya, suka riƙe shi cak har gam ya bushe. Na zare su, na mayar da hular na liƙe. Wannan hanyar ta fi tabbas, sai dai tana son hannu marar rawa, don wayoyin koyil suna bi ta kusa da inda reza ke wucewa.

A bayan akwatin, ta ciki, akwai ɗan allon da ke raba sauti: mai kauri ya tafi wufa, siriri ya tafi tiwita, kuma a wannan ƙirar rabon yana faruwa wajen kaɗawa 1,000 a daƙiƙa. Naɗin waya da resisto ba su cika tsufa ba, na auna su na bar su. Kafasita ne ke tsufa, musamman irin mai ruwan sinadari a ciki, wanda yake bushewa ƙarfinsa ya kauce daga abin da aka rubuta a jikinsa. Nan ba ƙaramin abu ba ne, domin kafasita shi ne mai gadin tiwita. In ya kauce sai sauti mai kauri ya tsallaka ya ƙona ta. Na sauya na akwatunan biyu gaba ɗaya da masu lamba iri ɗaya da na asali, irin waɗanda ba su da kai da gindi, wato ko ta wane gefe aka jona su daidai ne. Inda ba a sami lambar daidai ba, ana haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙarfinsu ya taru. Makunnin baya mai matsayi uku, na rage siririn sauti ko barinsa daidai ko ƙara shi, datti ne kawai ya hana shi aiki; feshin wanke makunni ya ishe shi.

Da yake akwatunan babu komai a ciki, sai muka juya kan katako. Na fitar da audugar gilas ɗin da ke ciki da safar hannu da takunkumi, don tana sa ƙaiƙayi kuma ba a son shaƙarta, na zuba ta kowane akwati a ledarsa daban. Jikin akwatin ba gundarin katako ba ne. Garin katako ne da aka matse da gam, aka lulluɓe shi da siririn fallen itacen walnat wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Kafintan da muke aiki tare ya ɗauko injin goga, na ce, “Malam, a bar injin nan, da hannu za mu bi.” Inji yana cinye wannan falle cikin ƙiftawar ido, musamman a kusurwa, kuma in garin katako ya leƙo babu man da zai ɓoye shi.

Mun fara da wanki: tsumma da ɗan tafentin, aka ɗebe dattin shekaru da tsohon mai. Rabin abin da ake zaton tabo ne ya tafi a nan. Wuraren da suka lotsa saboda bugu muka ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle muka danna bakin dutsen guga na 'yan daƙiƙu, tururi ya kumbura zaren itacen ya taso. Wannan yana yi ne inda itacen ya danne, ban da inda ya yanke, kuma ba a daɗewa don zafi yana sakin gam ɗin da ke riƙe fallen. Inda fallen ya ɗaga muka tura farin gam da sirinji, muka shimfiɗa leda, muka ɗora katako mai santsi muka ɗaure. Kusurwar da ta kumbura ita ce ba ta komawa da kanta, don garin katako in ya sha ruwa ya buɗe ke nan. Muka bar ta ta bushe sarai, muka shayar da ita gam mai ruwa har ta ƙoshi, muka matse, da ta sandare aka fere abin da ya yi tudu. Wani yanki na fallen ya riga ya ɓace. Walnat ba itacen da ake samu a wurin masu katako a nan ba ne, amma kafintan ya tono ragowar wani tsohon akwatin talabijin a shagonsa, ya yanko ɗan yanki ya juya shi har zarensa ya bi na asali. A wannan wuri gwanintarsa ta fi tawa nesa.

Baƙin zoben nan na sama ba datti ba ne, shi ya sa goga ba ta fitar da shi. Ruwa ne ya haɗu da ƙarfen gwangwani da sinadarin da ke cikin itacen, suka rina shi har ciki. Maganinsa sinadarin oksalik, wanda ake narkawa a ruwan ɗumi. Guba ne, sai da safar hannu, kuma a wurin da iska ke shiga. Ba kan zoben kaɗai muka shafa ba, mun shafe saman gaba ɗaya, in ba haka ba sai a kori baƙin zobe a bar fari. Da ya bushe muka goge da ruwa mai tsabta sosai. Zoben ya dushe ƙwarai, amma in ka tsaya ta gefen haske za ka ga inuwarsa. Kafinta ya so a ƙara bi da samfefa, na hana. Wannan inuwar ba ta rage wa akwatin komai, ramin da za a yi garin korar ta kuwa ba shi da magani. Daga nan sai samfefa mai lamba 220, an naɗe ta a guntun katako, ana bin tsawon zaren itacen, ba a gicciye ba, hannu kuma yana sassautawa in an zo baki.

Batun abin da za a shafa sai da muka ɗan ja da ɗan mai kayan, shi yana son ƙyalli. Ni kuwa na tsaya a kan mai, domin asalin waɗannan akwatuna da mai aka gama su, ba a lulluɓe su da abu mai sheƙi ba. Mai yana shiga cikin itacen ya fito da zanensa, kuma in ya kwarzane gobe, shafawa kawai za a sake yi. Mun yi amfani da dafaffen man linsid da aka sirka da tafentin: a shafa, a jira kamar kwata na awa, a goge duk abin da bai shiga ba har sai tsumma ya fito a bushe, a bar shi ya kwana, a sake. Sirara-sirara ake yi; wanda ya bar mai ya kwanta a sama zai tarar da danƙo. Man gyaɗa ko na girki ba ya bushewa, sai ya yi wari ya tara ƙura, baƙin mai kuwa ba a ma maganarsa. Da yake aikin ya faɗo cikin hunturu, a rufaffen ɗaki muka yi, muna yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Akwai abin da nake so kowa ya riƙe a nan: tsumman da ya sha man linsid, in aka dunƙule shi aka jefa a kwando, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a buɗe a waje, ko a tsoma shi a ruwa.

Sai mayar da kaya, kuma nan ne aikin da ido ba ya gani amma kunne yake ji. Audugar gilas ta koma kowace a akwatinta, yadda take, ba ragi ba ƙari. Tana shanye amsa-kuwwar ciki, tana kuma sa wufa ta ji kamar akwatin ya fi haka girma. Tsohon fotin da ke toshe tsakanin sifika da katako ya bushe ya farfashe, na kankare shi na zagaya da sabo irin wanda ba ya sandarewa. Ban sa silikon ba, don ranar da za a sake buɗewa sai ya taho da katakon. Ramukan sukurun da suka zarme na cusa musu tsinken sakace da farin gam, suka bushe, sukuru ya kama. Wayar da ke da alama ta koma inda aka ciro ta, a akwatunan biyu iri ɗaya.

Gwajin toshewa ba ya buƙatar na'ura. Ka buɗe yatsunka zagaye da hular tsakiya, ka danna mazurarin ciki a hankali, ka saki. In akwatin a rufe yake, zai dawo sannu-sannu kamar mai nawa. Na farko haka ya yi. Na biyu kuwa ina saki ya dawo fit, alamar iska na fita ta wani wuri. Na sa masa sauti mai kauri, na bi duk mahaɗar katako da jiƙaƙƙen bayan hannu, sai na ji ɗan sanyi-sanyi a kusurwar nan da ta sha ruwa. Ta waje ta yi kyau, man ya kwanta, ba ka ganin komai, amma mahaɗar ta buɗe ta ciki. Na sake cire wufar, na tura gam a tsagin, na liƙa guntun katako mai kusurwa uku ya danne wurin. Da ya bushe, mazuraran biyu suka riƙa dawowa da nawa iri ɗaya. Da an bar wannan 'yar kafa, duk wahalar soso da odar waje ta tafi a banza a akwati ɗaya, mai kaya kuma zai ce ɗaya ta fi ɗaya ba tare da ya san dalili ba.

Ragar gaba ba ta ɗauki lokaci ba. Tsohon yadin ya ruɓe, aka samo mai ruwan madara mai sakwa-sakwar saƙa a Kantin Kwari. Gwajinsa shi ne ka kara a baki ka hura. In iska ta wuce ba tare da tokarewa ba, sauti ma zai wuce. Aka ja shi daidai don layin saƙar ya miƙe, aka mayar da 'yan allunan sunan kamfanin a inda suke.

Kafin in jona su da tsohuwar amfilifayar gidan, na sa mita a bakin wayoyinta don in tabbata ba ta fitar da tsayayyiyar wuta, wadda takan ƙona koyil shiru ba tare da an ji komai ba. Gwajin farko da muryar mai karanta labarai a rediyo na yi, don kunne ya fi sanin muryar mutum fiye da kowane kiɗa. Na jera su gefe da gefe ina sauyawa daga wannan zuwa wancan, sannan na kunna su tare: muryar ta tsaya a tsakiyarsu, alamar wayoyin ba su juye ba. Da an juya ɗaya, da kaurin ya zube, muryar ta watse. Da aka sa kiɗan gargajiya, ganga ta fito da nauyinta ba tare da ta yi gunji ta rufe kalangu ba, kuma ana jin lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya ya saki. Sabon soso yakan ɗan yi tauri da farko, ya saki bayan an yi ta amfani da shi, don haka na ce kada a yanke hukunci a ranar.

Sharuɗɗan da na bar wa gidan kaɗan ne. Irin wannan lasifika tana shan ƙarfi kafin ta yi ƙara, wannan shi ne farashin samun kauri daga ƙaramin akwati. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe ita ce ta fi kashe tiwita, don haka da zarar sauti ya fara tsagewa a rage. Ba ta tsakar gida ba ce ranar suna ko biki. A ɗora su a kan 'yan gajerun kujeru saboda ruwan shara da laimar damina, a nisanta su da tagar da rana ke shigowa, kada a sake ajiye kofi ko gwangwani a kansu. Soson nan kuma zai sake ruɓewa wata rana, don haka na rubuta shekarar da aka sa shi da lambobin kafasita a takarda, na liƙa a cikin kowane akwati don wanda zai buɗe nan gaba.

Abu ɗaya ne ya rage a buɗe. Tiwitar akwati na biyu ta ɗan fi ta farkon rauni. A magana ba a lura, sai a kiɗa mai yawan siririn sauti. An daina ƙera irin wannan tiwita tuntuni, kuma waɗanda ake sayarwa a madadinta ba sautinsu ɗaya ba, in za a sa su sai dai a sauya biyun tare a taɓa allon raba sauti. Na shaida wa dattijon haka, ya ce a bar ta tukuna. Mun ɗaga makunnin bayan wannan akwatin zuwa matsayin ƙari, na ɗayan yana daidai, bambancin ya ragu sosai, ɗan kuma ya ɗauki nauyin cigiyar ta asali a wurin masu sayar da tsofaffin kayan sauti a intanet.